Dakta Margaret Dayhoff, Wadda Ta Aza Harsashin Nazarin Halittu Da Kwamfuta

A 'yan shekarun nan ɗalibai da yawa da suka gama digirin farko a fannin ilmin halittu, ko na sinadarai, ko lissafi, ko kuwa kwamfuta, sun mai da hankalinsu ga fannin da ake kira bayo'infomatiks, watau ilmin tattara bayanan halittu da nazarinsu ta hanyar amfani da kwamfuta. Tambayar da kowannensu kan yi kafin ya cika takardar neman shiga karatun digiri na biyu ita ce, wane irin shiri ya kamata mutum ya yi, tun da yake fannin ya haɗa ilmi iri uku ko huɗu, kuma da wuya a sami ɗalibin da ya karanta su duka. Wanda ya karanta halittu yana shakkar lissafi, wanda ya karanta lissafi kuwa bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Akwai amsa ga wannan tambaya a cikin tarihin matar da masana da yawa ke ɗauka ita ce ta aza harsashin fannin, watau Dakta Margaret Oakley Dayhoff, 'yar ƙasar Amurka, wadda ta rasu cikin shekarar 1983. A zamanin da ta yi karatu babu wata jami'a a duniya da ke koyar da wannan fanni, ko sunansa ma ba a ƙago ba tukuna. Ba ta kuma taɓa samun digiri a ilmin halittu ba. Abin da ta shiga aikin da shi shi ne lissafi mai zurfi, da sanin sinadarai, da sabawa da na'ura, da kuma haƙurin yin aikin da sauran masana suka raina.

Haihuwa da karatun farko

An haifi Margaret Belle Oakley ranar 11 ga watan Maris, 1925, a birnin Filadelfiya, ita kaɗai ce kuma iyayenta suka haifa. Tana da kamar shekara goma iyayen suka ƙaura zuwa birnin Niyok, inda ta shiga makarantun gwamnati. Cikin 1942 ta gama makarantar sakandare ta Bayside, ita ce kuma ta zo ta ɗaya a ajinsu. Saboda wannan ƙwazo aka ba ta sukolashif zuwa Jami'ar Niyok, ta karanta lissafi, ta fito da sakamako mai daraja cikin 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin shekarunta 20 da haihuwa.

Wanda ya sami irin wannan sakamako a lissafi, abin da aka saba gani shi ne ya ci gaba da lissafin ko kuwa ya kama koyarwa. Ita kuwa sai ta ɗauki lissafinta ta shiga da shi sashen sinadarai na Jami'ar Kolumbiya, wadda ita ma a birnin Niyok take. Can ta kama karatun digirin dakta a ƙarƙashin Farfesa George Kimball, masanin wani reshe na ilmin sinadarai wanda da alƙalami ake yinsa, ba da kwalba ba. A wannan reshe ana lissafta yadda ƙwayoyin zarra ke manne wa juna, da irin ƙarfin da ke riƙe su har su zama sinadari guda.

Katuna masu huji

Aikin da aka ba ta shi ne ta lissafta ƙarfin da ke riƙe da waɗansu sinadarai masu siffar zobba da aka haɗa da juna. Lissafin yana da tsawo ƙwarai, kuma kuskure ɗaya a tsakiya yakan ɓata dukan abin da ya biyo baya. To, a daidai wannan lokaci kamfanin IBM ya buɗe wani ɗakin lissafi a jami'ar, wanda ake kira da sunan Watson, cikin 1945. A wannan ɗaki akwai na'urorin da kamfanoni ke amfani da su wajen lissafin albashi da kayan sito. Waɗannan na'urori da kati suke aiki. Kowane kati yana da layi 80, ana huda shi a wurare daban-daban, kowane huji yana nufin wata lamba ko wani harafi, sa'an nan na'ura ta karanta, ta tara, ta ware.

Margaret ta sami gurbi a wannan ɗaki cikin 1947, ta kuma tsara yadda za a juya na'urorin akanta su yi lissafin sinadarai. Cikin 1948 aka ba ta digirin dakta, bayan shekara uku kacal, tana da shekara 23. Sakamakon binciken ya fito a wata mujallar masana cikin 1949. Babu ko furotin ɗaya a cikin wannan aiki, babu kuma wata maganar halittu. Amma a nan ne ta koyi abin da ya zama jarinta har ƙarshen rayuwa, watau yadda ake ɗaukar matsalar kimiyya a farfasa ta, a mai da ita matakai ƙanana waɗanda na'ura marar hankali za ta iya bi ba tare da ta ɓata ba.

Aure da zaman gida

A wannan shekara ta 1948 ne ta auri Edward Dayhoff, masanin fiziks. Daga 1948 zuwa 1951 ta yi aiki a Cibiyar Rockefeller a ƙarƙashin Duncan MacInnes, tana nazarin yadda wutar lantarki ke tafiya cikin ruwan sinadarai. Cikin 1952 iyalin suka koma Jihar Maryland, kusa da birnin Washinton. Daga nan ta ajiye aikin bincike na wajen shekara biyar, tana renon 'ya'yanta mata biyu, Ruth da Judith.

A zamanin nan, mace da ta bar ɗakin bincike tsawon wannan lokaci akan ɗauka ta bar shi ke nan. Amma cikin 1957 Dakta Dayhoff ta koma fagen, ta sami gurbin bincike a Jami'ar Maryland, inda ta yi aiki tare da Farfesa Ellis Lippincott har zuwa 1959. Kafin wannan lokaci kwamfutoci masu aiki da lantarki sun fara maye gurbin na'urorin da ta saba da su, saboda haka sai ta zauna ta koyi sababbin. Cikin 1960, tana da shekara 35, ta shiga wata sabuwar gidauniyar binciken lafiya mai zaman kanta da ake taƙaita sunanta da NBRF, a garin Silver Spring. Wanda ya kafa gidauniyar shi ne Robert Ledley, likitan haƙori ne da ya koma fiziks da lissafi, wanda ya haƙiƙance cewa kwamfuta za ta sauya aikin likita da ilmin halittu. A wannan gidauniya Dakta Dayhoff ta riƙe muƙamin mataimakiyar darekta fiye da shekara 20, a nan ne kuma ta fara cin karo da furotin.

Matsalar furotin

Furotin shi ne sinadarin da ke gudanar da yawancin ayyukan jikin mai rai. Shi ke ɗaukar iska a cikin jini, shi ke narkar da abinci, shi ke yaƙar cuta. Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, an jera su kamar 'ya'yan carbi. Yadda aka jera su shi ke sa wannan furotin ya bambanta da wancan. Mutumin da ya fara karanta cikakken jerin wani furotin shi ne Frederick Sanger na Jami'ar Kembirij a Ingila. Ya shafe kusan shekara goma kafin ya kammala jerin insulin cikin 1955, alhali kuwa amino asid 51 kawai ke cikinsa. Wannan aiki ne ya jawo masa lambar yabo ta Nobel cikin 1958.

Muhimmancin jerin ya fito fili cikin 1957, sa'ad da Vernon Ingram ya gano asalin cutar sikila, wadda aka fi sani da amosanin jini, cutar da ta addabi gidaje da yawa a Afirka ta Yamma. A cikin furotin ɗin jini da ake kira himogulobin akwai wata sarƙa mai amino asid 146. Ingram ya nuna cewa bambancin mai lafiya da mai sikila amino asid ɗaya ne tak, wanda ke wuri na shida a wannan sarƙa. Sauran 145 duk iri ɗaya ne.

Wahalar ita ce, hanyar da Pehr Edman, mutumin ƙasar Suwidin, ya ƙago cikin 1950 don karanta jerin, ɗaya bayan ɗaya take karantawa daga bakin sarƙa, kuma ba ta yin nisa sai ta rikice. Saboda haka sai masana su daddatsa furotin gunduwa-gunduwa, su karanta kowane guntu, sa'an nan su zauna neman yadda guntayen suka bi juna. Misalin abin shi ne a sami kwafi biyu na wasiƙa ɗaya, a yayyaga kowanne a wurare daban. Idan ƙarshen wani guntu na kwafin farko ya yi daidai da farkon wani guntu na kwafi na biyu, to, an gane inda suka haɗu. Da hannu wannan aiki yakan ci watanni.

Dakta Dayhoff ta ga cewa wannan ba matsalar halittu ba ce, matsalar lissafi ce irin wadda ta saba da ita. Cikin 1962 ita da Ledley suka bayyana wata manhaja mai suna COMPROTEIN, wadda aka rubuta da harshen kwamfuta na FORTRAN don na'urar IBM 7090. Manhajar tana gwada guntayen da juna, ta fito da jerin da ya dace da su duka. Wannan dabara ta haɗa guntaye ta wurin da suka hau kan juna ita ce aka bi daga baya wajen karanta dukan bayanan gadon ɗan'adam, aikin da aka kammala cikin 2003.

Littafin Atlas

Kafin tsakiyar shekarun 1960 an karanta jerin furotin da dama, amma suna warwatse cikin mujallu daban-daban, kowane masani da irin tasa hanyar rubutawa, waɗansu ma da kurakuran ɗab'i. Wanda ya karanta sabon jeri ba shi da wata hanya mai sauƙi ta sanin ko ya yi kama da wanda wani ya riga ya karanta. Dakta Dayhoff ta ɗauki nauyin tara su wuri ɗaya. Ita da abokan aikinta suka bi mujallu ɗaya bayan ɗaya, suna kwafe jerin, suna duba su da kyau, suna huda su a kati.

Cikin 1965 suka buga littafin da ake kira Atlas of Protein Sequence and Structure, watau kundin jerin furotin da siffarsa. Sunayen da ke kansa su ne nata, da Richard Eck, da Marie Chang, da Minnie Sochard. Jeri 65 ne a cikinsa. Yawansu bai kai ya kawo ba, amma da yayyafi kogi kan cika. An sake buga littafin da ƙari cikin 1966, da 1968, da 1969, da 1972, aka kuma biyo da ƙarin juzu'ai har zuwa 1978. Wannan littafi shi ne rumbun bayanan halittu na farko da aka ajiye a kwamfuta, kuma kowane ɗakin bincike mai aiki a kan furotin ya nemi kwafinsa.

A wajen shirya littafin ne ta kawo wani gyara wanda ake amfani da shi har yau. A da, da haruffa uku ake taƙaita sunan kowane amino asid. Ke nan sarƙar himogulobin mai amino asid 146 tana cin haruffa 438, ban da alamomin da ke raba su, alhali kati ɗaya layi 80 kawai gare shi. Sai ta tsara a ba kowanne harafi ɗaya. Wanda babu mai tarayya da shi a harafin farko sai ya riƙe nasa, kamar H da M da V. Inda biyu ko uku suka yi tarayya, sai a ba wanda ya fi yawa a cikin furotin, kamar yadda alanin ya sami A, lusin ya sami L. Fenilalanin, wanda a Turanci da P yake farawa, an ba shi F bisa ga yadda ake furta shi. Laisin kuwa an ba shi K saboda maƙwabtaka da L. Ƙungiyoyin masana sinadarai na duniya sun karɓi wannan tsari cikin 1968. Da shi ne a yau ake rubuta asalin cutar sikila da alamomi uku kawai, E6V, ma'ana harafin V ya maye gurbin E a wuri na shida.

Daga tarawa zuwa nazari

Dakta Dayhoff ba don ajiya kawai ta tara jerin ba. Ta lura cewa furotin iri ɗaya yana samuwa a halittu daban-daban, da 'yan bambance-bambance. Alal misali, furotin da ake kira saitokurom c yana da amino asid 104 a jikin mutum, kuma a wurare 12 kawai ya bambanta da na doki. Idan aka ƙidaya irin waɗannan bambance-bambance tsakanin halittu da yawa, ana iya zana bishiyar da ke nuna kusancinsu da nisansu. Ita da Eck suna cikin na farko da suka sa kwamfuta ta zana irin wannan bishiya. Cikin 1966 suka buga wani nazari a mujallar Science a kan furotin mai suna feredoksin, inda suka nuna cewa rabinsa na biyu kusan maimaicin rabin farko ne, abin da ke nuna cewa daga gajeren jeri aka ninka shi.

Aikinta da ya fi shahara shi ne ma'aunin da ake kira PAM. Tambayar da ta yi ita ce, idan amino asid ɗaya ya maye gurbin wani a cikin furotin, kowane musanye daidai yake da kowanne? Maimakon ta yi hasashe, sai ta ƙidaya. A bugun 1978, ita da abokan aikinta sun duba rukuni 71 na furotin masu kama da juna ƙwarai, suka ƙirga musanye 1,572. Suka tarar cewa waɗansu amino asid, kamar valin da aisolusin, suna yawan maye gurbin juna domin halayensu kusan ɗaya ne. Tiriftofan kuwa shi ne ya fi kowanne wuyar sauyawa, asfarajin kuma ya fi kowanne saurin sauyawa.

Daga wannan ƙidaya suka shirya jadawali mai gida 20 a tsaye da 20 a kwance, wanda ke ba da maki ga kowane musanye. PAM ɗaya yana nufin sauyi ɗaya a cikin kowane amino asid 100. Don a gwada furotin da suka yi nisa da juna, sai aka ninka jadawalin da kansa sau 250 bisa ƙa'idar lissafi, aka sami PAM250. Da wannan ma'auni ana iya gane dangantakar furotin biyu ko da kashi 20 cikin ɗari kawai na haruffansu suka yi daidai. A nan ne digirinta na farko ya yi rana, domin ninka jadawali da kansa darasi ne da ɗalibin lissafi ke koya tun a shekarunsa na farko a jami'a.

Amfanin ma'aunin bai daɗe ba ya bayyana. Cikin 1978 ita da Robert Schwartz suka kawo hujja daga jerin furotin cewa mitokondiriya, watau ɗan ɓangaren da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayar halitta, yana da dangantaka ta kusa da bakteriya, abin da ya ƙarfafa ra'ayin da Lynn Margulis ta daɗe tana karewa. Cikin 1982 kuma ita da Winona Barker suka nuna cewa furotin ɗin wata ƙwayar cuta mai haddasa ciwon daji a jikin kaji ya yi kama da wani sanannen furotin na jikin dabbobi. Ba a ɗakin gwaji aka gano wannan ba, a kwamfuta aka gano shi. Ban da wannan duka, ta yi aiki tare da Lippincott da masanin taurari Carl Sagan wajen lissafta sinadaran da ke cikin iskar duniyoyin Zahara da Mirriku da Mushtari.

Kwangilar da ta kuɓuce

Duk da wannan nasara, hanyar ba ta kasance mai sauƙi ba. Masana da yawa masu aiki a ɗakin gwaji suna amfani da littafinta kullum, amma suna ɗaukar tara jerin da waɗansu suka karanta a matsayin aikin akawu, ba bincike ba. Kuɗin tallafi bai wadata ba, saboda haka dole gidauniyar ta riƙa sayar da littafin da bayanan don ta biya ma'aikata. Wannan kuwa ya ɓata wa waɗansu rai, domin suna ganin ana sayar musu da abin da su suka wahala suka samo.

Cikin 1977 aka ƙago hanyoyin karanta jerin DNA cikin sauri, bayanai suka fara kwarara fiye da yadda littafi zai iya ɗauka. Dakta Dayhoff ta gane haka, cikin 1980 ta buɗe rumbun bayanai wanda masani zai iya shiga daga nesa ta layin tarho. Daga baya hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta yanke shawarar kafa rumbun ƙasa, ta nemi masu sha'awa su gabatar da takardunsu. Dakta Dayhoff, wadda ta fi kowa daɗewa a wannan aiki, ta nema. Amma cikin 1982 aka ba da kwangilar ga kamfanin BBN tare da ɗakin bincike na Los Alamos, inda Walter Goad ke jagorancin aikin. Daga cikin abin da ya rinjayi masu yanke shawara akwai alkawarin da waɗannan suka yi na ba da bayanan kyauta ga kowa ba tare da wani sharaɗi ba, da kuma ƙarfinsu a harkar sada kwamfutoci. Rumbun da aka kafa shi ne GenBank.

Bayan wannan da 'yan watanni, ranar 5 ga watan Fabrairu, 1983, Dakta Dayhoff ta rasu sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara 57. Kafin rasuwarta ta shafe shekara 13 tana farfesa a makarantar likitanci ta Jami'ar Georgetown, inda gidauniyar ta koma cikin 1970. Ita ce kuma mace ta farko da ta riƙe muƙami a ƙungiyar masana fiziks na halittu ta Amurka, ta yi sakatariya, daga baya ta zama shugaba.

Abin da ta bari

Aikin bai mutu tare da ita ba. Cikin 1984 abokan aikinta suka mai da tarin jerin furotin ɗin rumbu mai suna PIR, a wannan shekara kuma ƙungiyar da ta shugabanta ta kafa lambar yabo da sunanta don mata matasa masu bincike. Cikin 1986 Amos Bairoch ya kafa Swiss-Prot a ƙasar Suwizalan, da bayanan PIR ya fara. Cikin 2002 rumbunan suka haɗu suka zama UniProt, wanda a yau ke ɗauke da miliyoyin jeri, kyauta ga duk mai intanet. Manhajar BLAST, wadda ta fito cikin 1990, da irin jadawalin makin da ta ƙago take aiki, ko da yake tun 1992 an sami wani sabon jadawali mai suna BLOSUM wanda aka fi amfani da shi. 'Ya'yanta ma sun bi sawu, Ruth ta zama likita mai aiki a kan adana bayanan asibiti da kwamfuta, Judith kuwa ta yi digirin dakta, ta ƙware a nazarin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar lissafi.

Abin lura ga mai shirin karatu

Wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa shirin Dakta Dayhoff ba a rana ɗaya aka yi shi ba, ba kuma takarda mai ɗauke da sunan fannin ce ta kai ta ba. Ta fara ne da ƙwarewa sosai a abu guda, watau lissafi, sa'an nan ta riƙa ƙara sauran a kansa. A kowane mataki ta zaɓi malami da wurin da za su kusantar da ita ga na'ura, daga Kimball zuwa Lippincott zuwa Ledley. Ilmin halittu kuwa a bakin aiki ta koye shi, bayan ta haura shekara 35, ta koye shi har masu digiri a fannin suka dogara da littafinta.

Saboda haka ɗalibin da ke shirin karatun digiri na biyu a wannan fanni, abin da ya kamace shi shi ne ya san inda ƙarfinsa yake, ya kuma san giɓin da ya rage masa, ya fara cike shi tun kafin ya nemi gurbi. Wanda ya fito daga halittu ya koma ga ilmin ƙididdiga da lissafin jadawali, ya kuma koyi rubuta manhaja. Harsunan da aka fi amfani da su a fannin yanzu su ne Python da R, a matsayin da FORTRAN ya riƙe a zamaninta. Wanda ya fito daga lissafi ko kwamfuta kuwa dole ya zauna ya san mene ne DNA, yaya ake samun furotin daga gare shi, ta wace hanya kuma kuskure ke shiga bayanan da ɗakin gwaji ya ba shi, domin jeri mai kuskure sakamako mai kuskure zai haifar, kome kyan manhajar. Shi ya sa ita kanta ta ɓatar da shekaru tana duba jeri harafi bayan harafi.

Ma'aikacin gwamnati da ya daɗe da barin aji, yake ganin lokaci ya ƙure masa, shi ma yana da abin dubawa a nan. Shekara biyar ta yi a gida, ta dawo ta tarar na'urorin da ta sani sun tsufa, ta sake koyo daga farko, kuma dukan ayyukan da ake tunawa da ita saboda su bayan wannan dawowa ta yi su. Gemu ba ya hana ilmi.

Kayan aikin da ta yi fama ta samu yanzu suna kusa da kowa. Ɗalibin da ke da ƙaramar kwamfuta da intanet yana iya buɗe UniProt ya ɗauko jerin himogulobin ɗin mutum, ya saka shi a BLAST, cikin ɗan lokaci kaɗan ya ga yadda ya yi kama da na doki da na kaza da na kifi. Idan ya iya bayyana dalilin da ya sa na'urar ta ba wannan musanye maki mai yawa, ta ba wancan kaɗan, to, ya fahimci abin da Dakta Dayhoff ta ƙidaya cikin 1978, ya kuma sami abin da zai faɗa wa malaman da za su yi masa tambayoyi ranar neman shiga.